Gyara Da Sabon Gida

Karatu: Filimon aya 8 zuwa 21, Galatiyawa 6:1-2

  Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Gajeriyar wasiƙa ce, aya 25 kawai, tana gab da Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa. A yau muna so mu yi tunani a kan tambaya ɗaya: me ikkilisiya za ta yi da mutumin da ya lalace, wanda mutane suka ce ba shi da sauran amfani? Kafin mu shiga wasiƙar, bari mu ba ku labarin wani tsohon abin kiɗa, gama zai taimake mu mu gane abin da Manzo Bulus yake roƙo.

Abin kiɗan nan shi ne ogan mai bututu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganinsa da ido ba, ko da yake akwai shi a wasu manyan majami'u na ƙasarmu, kamar babbar majami'ar Angilikan da ke Marina a Legas. Ku ɗauka an tara sarewa masu yawa, manya da ƙanana, an jera su a tsaye bisa wani akwati. Waɗansu na katako ne, waɗansu kuma na kuza da darma da aka narka tare. Kowane bututu murya ɗaya tak yake da ita. Dogon bututu yana ba da murya mai kauri, gajere kuma siririya. Akwai mai tsawon ƙafa 8, akwai wanda bai fi fensir ba. A ƙarƙashinsu akwai zugazugi irin na maƙeri, wanda yake tura iska cikin akwatin. A dā mutum ne yake zuga shi da hannu ko da ƙafa, yanzu kuwa yawanci injin lantarki ne. Sa'ad da makaɗi ya danna madanni ɗaya, wata siririyar sanda takan ja wani ɗan murfi mai fata ya buɗe, iska ta shiga bututun, sai murya ta fito. In babu iska, ko da bututun na zinariya ne, shiru za ka ji.

A birnin Boston na ƙasar Amurka an yi wani attajiri mai suna Thomas Brattle, wanda ya riƙe aikin ma'ajin kwalejin Harvard. Ya sayo wani ƙaramin ogan daga Ingila ya ajiye a gidansa. Da ya rasu a shekara ta 1713, sai aka tarar ya bar wasiyya cewa a ba da ogan ɗin ga ikkilisiyarsa da ke Titin Brattle, wadda shi kansa yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya sa sharaɗi cewa su karɓa, su kuma nemi natsattsen mutum wanda ya iya kaɗawa cikin shekara guda. In sun ƙi, a kai wa majami'ar Angilikan ta garin, wadda aka sani da suna King's Chapel.

Ikkilisiyarsa ta ƙi karɓa. Kada mu yi saurin hukunta su. Mutane ne da suka gāji al'adar raira Zabura da murya kaɗai, kuma a ganinsu bai dace a shigo da abin kiɗa cikin sujada ba. Sun bi lamirinsu ne. Amma ga abin da ya faru: kyautar da aka ƙi a gidan farko ta sami karɓa a gida na biyu. King's Chapel ta yi sujada da ogan ɗin sama da shekara 40. A 1756 suka sami babba daga Landan, sai aka sayar da ƙaramin ga majami'ar St. Paul da ke garin Newburyport. Ya yi shekara 80 a can. A 1836 aka sāke ɗauke shi zuwa majami'ar St. John da ke Portsmouth, a jihar New Hampshire. A cikin wannan doguwar tafiya an sāke masa waɗansu sassa, ya kuma tsufa ƙwarai. A 1965 wani gwanin maƙerin ogan mai suna Charles Fisk da ma'aikatansa suka gyara shi. Yau fiye da shekara 300 ke nan da rasuwar Brattle, ogan ɗin yana majami'ar St. John, ana kuma lissafta shi cikin mafi daɗewa a ƙasar Amurka. Ita ma ikkilisiyar da ta ƙi shi, daga baya ta sayi nata ogan.

Irin wannan aiki bai tsaya ba. A Amurka da Turai majami'u da yawa suna rufewa saboda masu sujada sun ragu, ko an haɗa ikkilisiyoyi biyu wuri ɗaya. In za a sayar da ginin ko a rushe shi, ogan ɗin yakan shiga hatsari, gama mai sayen tsohon ƙarfe ba ya ganin kome a jikinsa sai nauyin darma. Saboda haka aka kafa ƙungiyoyin da suke kula da tsofaffin ogan, kamar wadda aka kafa a Amurka a 1956 da wadda aka kafa a Birtaniya a 1976. Akwai kuma masu aikin haɗa ikkilisiyar da za ta rabu da nata da wadda take nema. Bari mu dubi yadda masu gyara suke aikinsu, mu sa shi gefe ɗaya da wasiƙar Bulus.

Ga labarin wasiƙar a taƙaice. Filimon mai bi ne a Kolosi, ikkilisiya tana taruwa a gidansa. Yana da bawa mai suna Unisimas. Wannan bawa ya rabu da ubangidansa, kuma daga aya ta 18 muna iya gane cewa akwai zancen cuta ko bashi a tsakaninsu. Ya je ya sadu da Bulus, wanda yake ɗaure saboda bishara, a can kuwa ya ba da gaskiya ga Almasihu. Ma'anar sunan Unisimas a harshen Helenanci ita ce mai amfani. Bulus ya ɗauki wannan ma'ana a aya ta 11, ya nuna wa Filimon cewa mutumin da a dā bai amfane shi da kome ba, yanzu ya cancanci sunansa. Sa'an nan ya mai da shi gida da wasiƙa a hannu.

Abu na farko, mai gyara yakan duba abin da sauran mutane ba su gani ba. In ya shiga majami'ar da aka daɗe da rufewa, zai tarar da ƙura, da kashin ɓeraye, da fatar zugazugi ta bushe ta tsattsage, da bututun darma da suka lanƙwashe saboda nauyin kansu. Wani zai ce a zubar. Shi kuwa sai ya ɗauki bututu ɗaya, ya share, ya hura a hankali, ya kasa kunne. Yana neman hannun maƙerin farko. In ya ji muryar tana nan, ya san aikin ya cancanci wahalarsa.

Haka Bulus ya dubi Unisimas. A idon dokar Roma, bawan da ya gudu kaya ne da ya ɓace, ana iya yi masa hukunci mai tsanani. Bulus ya kira shi ɗansa, ya ce aiko shi kamar aiko da zuciyarsa ne. 'Yan'uwa, Farawa sura 1 ta koya mana cewa cikin kamannin Allah aka yi mutum. Zunubi ya ɓata wannan kamanni, amma bai shafe sunan Maƙerin ba. Mashayin da yake kwana a bakin kasuwa, da yarinyar da ta yi ciki a gidan iyayenta, da ma'ajin da ya taɓa kuɗin baiko, dukansu aikin hannun Allah ne. Hausawa sukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ikkilisiya ta fara duban mutane da idon mai sayen tsohon ƙarfe, ta manta da wanda ya yi su.

Abu na biyu, gyara na gaskiya sai an kwance. Ba a gyara ogan da shafa fenti a waje. Akan ciro bututun ɗaya ɗaya, a rubuta wa kowanne lamba, a kwantar da su cikin akwatuna masu laushi, gama darma tana da taushi, matsi kaɗan zai lotsa ta. Akan buɗe akwatin iska a nemi tsaguwa, a cire tsohuwar fata a sa sabuwa, a kashe ƙwarin da suke cin katako. Akwai wata cuta da masu ogan suka sani sarai. In ɗan murfin nan bai rufe daidai ba, ko da ɗan tsinke ne ya maƙale a bakinsa, bututun zai yi ta kuka ba tare da an danna shi ba, ya ɓata dukan waƙar. Ba yadda za a yi sai a buɗe a cire tsinken.

Bulus bai ɓoye laifin Unisimas ba. Bai riƙe shi a wurinsa ya yi kamar ba abin da ya faru ba, ko da yake ya ce zai so ya riƙe shi. Ya mai da shi ya fuskanci mutumin da ya cuta. Wannan ita ce tuba. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 1 aya 9, ta ɗaura gafara da furta zunubi. Mai sauraro, watakila akwai ɗan tsinken da ya maƙale a zuciyarka shekara da shekaru: bashin da ka ƙi biya, gabar da kake yi da ɗan'uwanka a kan gona, ƙaryar da ka yi wa matarka. Kana zuwa sujada, kana raira waƙa, amma wannan murya ɗaya tana ta kuka a ƙarƙashi. Ka bar Ubangiji ya buɗe wurin.

Amma mu lura da yadda ake kwancewar. Galatiyawa 6:1 ta ɗora wa masu ruhaniya nauyin komo da wanda aka kama cikin laifi, ta kuma ce a yi shi da tawali'u, kowa yana lura da kansa. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a nan, ita ce Markus ya yi amfani da ita a sura 1 aya 19, inda Yakubu da Yahaya suke gyaran tarunsu a cikin jirgi. Masunci ba ya gyara taru da gatari. Yakan zauna ne ya bi igiya ɗaya ɗaya. Horon ikkilisiya abu ne da Littafi Mai Tsarki ya koyar, ba mu ce a daina ba. Amma horon da ya ƙare a kan sanarwa ranar Lahadi da zama a bencin baya, ba mai ziyara, ba mai addu'a tare da mutumin, ba ranar komowa, wannan kwancewa ce kawai aka yi aka watsar da sassan a ƙasa. Dattawan ikkilisiya, muna roƙonku ku tambayi kanku: mutum nawa muka sa a horo cikin shekarun nan, nawa ne kuma a cikinsu muka bi har gida?

Abu na uku, gyara yana da tsada, kuma dole wani ya biya. Sau da yawa akan ba da tsohon ogan kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Kuɗin yana wurin kwancewa, da ɗauka, da watannin da gwanaye za su yi suna aiki, da sāke kafawa. Shi ogan ɗin ba ya iya biyan ko kwabo.

A aya ta 18 da ta 19 Bulus ya ce a ɗora masa duk abin da ake bin Unisimas, ya kuma rubuta alkawarin biya da hannunsa. Fursuna ne, amma ya tsaya wa bawa. A nan muke ganin hoton Mai Cetonmu. Bashin zunubinmu ya fi ƙarfinmu. Yesu Almasihu ya ɗauke shi a kan gicciye, ya biya da jininsa, kamar yadda Bitrus ya bayyana a wasiƙarsa ta fari, sura 1 aya 18 da 19. Ba wanda aka gyara a cikinmu da kuɗin aljihunsa. To, in haka ne, mu ma za a bukaci mu biya wani abu domin wani. Zai iya zama lokacinmu. Zai iya zama jari kaɗan da za mu ba wanda ya fito daga gidan yari don ya fara sana'a. Zai iya zama sunanmu, gama mutane za su yi magana in suka gan mu tare da shi. Shi ma Filimon sai da ya biya, domin yafe wa wanda ya cuce ka hasara ce da ka ɗauka da yardar ranka.

Abu na huɗu, gyara bai cika ba sai an sami gida. Ogan da aka gyara aka bar shi cikin akwatuna a ɗakin ajiya, ba a daɗe zai sāke lalacewa. Laima za ta kumbura katako, zafi ya tsaga shi, fata ta bushe. Masu aikin sun san cewa ogan da ake kaɗawa kowane mako ya fi wanda aka kulle lafiya. Shi ya sa tun kafin su fara kwancewa suke neman inda za a kai shi. Sukan auna tsawon rufin sabon wurin, su duba ko daɓen zai ɗauki nauyin. Bayan an kafa shi, sai gwani ya zauna kwana da kwanaki yana daidaita bakin kowane bututu, domin muryar da ta dace da ƙaramin ɗaki ba lalle ta dace da babba ba. Ita ma ikkilisiyar da ta karɓa takan matsar da kujeru, ta ba shi wuri, ta nemi wanda zai koyi kaɗa shi.

Roƙon Bulus ke nan a aya ta 16 da ta 17. Ya nemi Filimon ya karɓi Unisimas a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce, ya yi masa irin marabar da zai yi wa Bulus kansa. Kuma bai aika wa Filimon shi kaɗai ba. A farkon wasiƙar ya gai da ikkilisiyar da take gidansa, wato maganar ta shafi dukan taron. A Kolosiyawa 4:9 kuma ya gabatar da Unisimas ga ikkilisiyar Kolosi a matsayin amintaccen ɗan'uwa, ɗaya daga cikinsu.

A nan ne da yawa daga cikin ikkilisiyoyinmu muke kāsawa. Mukan yi murna ranar da mutum ya fito gaba ya tuba, mu tafa hannu, sa'an nan mu bar shi a ɗakin ajiya. Ba wanda ya gayyace shi cin abinci. Zumuntar mata ba ta kira ta ba. Ƙungiyar mawaƙa ta ce ta cika. Bayan wata uku ya koma wurin tsofaffin abokansa, gama su sun ajiye masa kujera, mu kuwa sai mu ce dā ma tubarsa ba ta gaskiya ba ce. Akwai kuma waɗanda ba laifi ne ya raba su da gida ba. Akwai wanda danginsa suka kore shi saboda ya bi Almasihu. Akwai iyalan da tashin hankali ya raba su da ƙauyukansu, majami'arsu ta zama kango. Akwai saurayin da ya zo birni neman aiki, yana shiga sujada yana fita ba wanda ya san sunansa. Akwai tsohon mai bishara da ƙarfinsa ya ƙare, aka manta da shi. Kowannensu yana da muryar da Allah ya sa a cikinsa. Korantiyawa ta fari sura 12 ta koya mana cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana, ba a iya yi ba tare da su ba. In bututu ɗaya ya ɓace a cikin jeri, duk lokacin da waƙa ta iso wurinsa za a ji rami.

Ku tuna da Yahaya Markus. Ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiyar bishara, har Bulus ya ƙi sāke ɗaukarsa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labari. Barnaba ya ɗauke shi. Shekaru suka wuce, sai ga Bulus a 2 Timoti 4:11 yana roƙo a zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi cikin hidima. Wanda aka ƙi a wuri ɗaya ya sami karɓa a wani, aikin Allah kuwa ya ci riba.

Akwai inda misalinmu ya tsaya, dole mu faɗa. Ogan ba shi da nufin kansa, ba ya iya ƙin hannun mai gyara. Mutum yana iyawa. Unisimas yana iya yaga wasiƙar a hanya ya bi wata ƙasa. Sai da ya taka da ƙafarsa har ƙofar gidan Filimon. Saboda haka, ya kai mai sauraro da ka yi nisa da Ubangiji, kada ka zauna kana jira. Watakila an taɓa ƙinka a wata ikkilisiya, abin kuma ya yi maka zafi. Ƙin mutane ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. Yesu ya yi alkawari a Yahaya 6:37 cewa ba zai kori mai zuwa wurinsa ba. Ka zo wurinsa yau yadda kake. Sa'an nan ka nemi fasto ko wani dattijo mai tsoron Allah, ka faɗa masa gaskiyar halinka, ka shiga zumuntar masu bi.

Mu kuma da muke cikin ikkilisiya, kada mu yi fahariya. Mun faɗa tun farko cewa bututu ba ya magana sai da iska. Allah ne ya hura wa Adamu numfashi ya zama rayayye. A wahayin Ezekiyel sura 37, ƙasusuwan sun haɗu, nama ya rufe su, amma ba su tashi ba sai da numfashi ya shige su. In akwai wata murya mai daɗi da take fita daga rayuwarmu, Ruhu Mai Tsarki ne yake hura ta. Muna ba ku aiki ɗaya a wannan mako. Kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina zuwa sujada, ko baƙo ɗaya da yake zama shi kaɗai. Ka yi addu'a dominsa da sunansa, ka je ka gaishe shi a gida kafin Lahadi, ranar Lahadi kuma ka zauna kusa da shi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, muna gode maka domin ba ka yashe mu ba sa'ad da zunubi ya lalatar da mu. Mun gode domin Ɗanka Yesu da ya biya bashinmu. Muna roƙo saboda duk mai sauraron da yake ganin ba shi da sauran amfani, ka taɓa zuciyarsa, ka ba shi ƙarfin komowa. Ka ba dattawanmu hikima da tawali'u cikin horo. Ka buɗe gidajenmu da ikkilisiyoyinmu ga waɗanda aka kora da waɗanda suka rasa matsuguni. Ka cika mu da Ruhunka domin rayuwarmu ta yabe ka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Muna roƙonku ku karanta Wasiƙar Filimon dukanta tare da iyalinku a daren yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da ku duka.